Hagu da dama a ƙwaƙwalwa: abin da awon EEG ke iya faɗa kan ciwon damuwa, da inda iyakarsa take

Duk mai bin shafukan lafiya a Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da hoton nan: zanen kan mutum an hango shi ta sama, an shafe shi da launuka, ja a gefe guda, shuɗi a ɗaya gefen. Bayanin da ke biye da shi kusan iri ɗaya ne kullum. Wai ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da farin ciki, na dama kuma baƙin ciki, mai ciwon damuwa hagunsa ne ya yi sanyi, kuma ga wata na'ura da za a ɗaura masa a goshi ta farfaɗo da shi. A jiha irin Katsina, inda iyalai da yawa daga Batsari, Jibiya, Safana da Faskari suka ga tashin hankalin da ke hana barci, irin wannan talla tana samun masu saurare, domin mutane na neman mafita da gaske.

Maganar tana da tushe a kimiyya, kuma an shafe sama da shekara 40 ana bincike a kanta. Sai dai talla ta cakuɗa tambayoyi uku da ya kamata a amsa su ɗaya bayan ɗaya. Shin bambancin aikin hagu da dama yana da alaƙa da yanayin zuciya? Shin za a iya auna mutum ɗaya a ce yana da ciwon damuwa saboda wannan bambanci? Shin zaburar da ƙwaƙwalwa da lantarki ko maganaɗisu na yin magani, kuma ta hanyar gyara wannan bambanci take yi? Amsoshin ba su zo ɗaya ba.

Me na'urar EEG ke ji?

Ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da ɗan ƙaramin lantarki. Idan dubbansu suka motsa lokaci ɗaya, wani ɓangare na wannan lantarki yana ratsa ƙoƙon kai ya iso fatar kai, inda ƙananan faifan ƙarfe da aka manna ke ɗaukarsa. Wannan shi ne awon EEG, wanda likitocinmu suka fi tura masu farfaɗiya su yi. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara ɗaukarsa a jikin ɗan Adam a 1924, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1929. Ƙarfin abin da ake ɗauka yawanci tsakanin maikrobolt 10 ne zuwa 100, alhali batirin tocila ɗaya yana da maikrobolt miliyan ɗaya da rabi. Wannan ƙanƙanta ita ce tushen yawancin matsalolin da za a ambata a gaba.

Ana rarraba igiyoyin ne bisa saurin kaɗawarsu a sakan ɗaya. Ƙasa da sau 4 ana ce musu delta, su ke yawaita a barci mai nauyi. Daga 4 zuwa 8 teta ne, daga 8 zuwa 13 alfa, daga 13 zuwa 30 beta. Alfa ita ce abin magana a nan. Tana fitowa sarai idan mutum ya zauna a natse ya rufe ido, tana kuma raguwa da zarar ya buɗe ido ko ya shiga lissafi. Kamar aji ne na firamare: idan yara na rera karatu baki ɗaya har bakin titi ana jin su, amma idan kowa ya duƙufa kan nasa lissafin sai ajin ya yi tsit, alhali a lokacin ne ƙwaƙwalwa ke aiki tuƙuru. Don haka masana ke karanta alfa a juye. Inda ta yi yawa, ana ɗauka wurin yana hutawa. Inda ta yi ƙaranci, ana ɗauka wurin yana aiki.

Yadda ake fitar da lambar

Ba a manna faifan a duk inda aka ga dama. Akwai tsarin da ake kira 10-20, wanda aka daidaita tun 1958: a auna daga karan hanci, inda ya haɗu da goshi, zuwa tudun ƙashin ƙeya, a kuma auna daga kunne zuwa kunne, sai a raba tazarar kashi 10 da kashi 20 cikin 100. Kowane wuri yana da harafi da lamba. Lambobin mara suna hagu, na cika suna dama. Wuraren da aka fi dubawa a wannan bincike su ne F3 a gaban kai ta hagu da takwaransa F4 ta dama, sai F7 da F8 da ke can gefe kusa da saman kunci.

Mutum zai zauna kamar minti 8, ana sa shi ya buɗe ido minti ɗaya ya rufe minti ɗaya. Daga nan sai a yanyanka abin da aka ɗauka gunduwa-gunduwa, kowace kamar sakan 2, a zubar da waɗanda ƙiftawar ido ko motsi ya ɓata, kwamfuta ta lissafa ƙarfin alfa a kowane wuri. Lissafin ƙarshe shi ne a ɗauki logaridim na ƙarfin alfa ta dama a cire na hagu. A misali, idan dama ta ba da 12 hagu ta ba da 10, amsar za ta kama 0.18. Tunda alfa ta fi yawa a dama, ana fassara shi da cewa hagu ya fi aiki. Idan aka juya lambobin amsar za ta koma ƙasa da sifili, a ce dama ya fi aiki. Wannan 'yar lamba ita ce ake kira karkatar alfa ta gaban kai, kuma ita ce ake mayarwa launin ja da shuɗi a hoto.

Asalin maganar

Likitoci ne suka fara lura da abin a gadon asibiti. A 1972 wani likitan Italiya, Guido Gainotti, ya bayyana cewa waɗanda suka samu rauni a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa sun fi nuna kuka da fid da rai, masu rauni a dama kuma sun fi nuna halin ko-in-kula da ciwonsu. A shekarun 1980 Robert Robinson da abokan aikinsa a Amurka suka ruwaito cewa masu shanyewar ɓarin jiki da ciwon ya taɓa gaban ƙwaƙwalwa ta hagu sun fi faɗawa cikin damuwa.

Wanda ya shigo da EEG cikin batun shi ne Richard Davidson, wanda daga baya ya yi suna a Jami'ar Wisconsin. Ya fara bayar da rahoto a 1979. A 1982 shi da Nathan Fox suka nuna wa jarirai 'yan wata 10 bidiyon fuska mai murmushi da mai baƙin ciki, suka ga gaban kai ta hagu ya fi motsawa ga mai murmushin. A 1989 suka sake gano cewa jariran da ɓarin dama ya fi musu aiki tun suna zaune lafiya, su suka fi saurin fashewa da kuka idan uwa ta fita daga ɗakin. A farkon shekarun 1990 kuma aka samu rahoton cewa masu ciwon damuwa, har da waɗanda suka warke, hagunsu ya fi ƙarancin aiki idan aka kwatanta da masu lafiya. Daga nan ne fassarar da ta bazu ta fito: hagu na daɗi, dama na ɗaci.

Fushi ya sauya fassarar

A 1998 Eddie Harmon-Jones da John Allen suka kawo abin da bai dace da wannan fassara ba. Fushi ba abin daɗi ba ne, don haka ya kamata ya faɗa dama. Amma sai suka ga masu saurin fushi hagunsu ne ya fi aiki, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya, inda aka tunzura mutane da gangan a ɗakin bincike, sun nuna haka. Abin da ya haɗa fushi da murna shi ne duka biyun suna tura mutum gaba: mai murna yana nufar abin da yake so, mai fushi yana nufar wanda ya ɓata masa rai. Tsoro da ƙyama kuwa baya suke ja da mutum.

Don haka yawancin masana a yau suna karanta karkatar ne a matsayin alamar tunkara ko ja da baya. Wannan ya fi dacewa da abin da iyalai ke gani a jikin mai ciwon damuwa. Sau da yawa ba kuka ne ke fara bayyana ba. Mutum ne zai daina fita majalisa, ya bar zuwa kasuwa, abincin da yake so ya daina ba shi sha'awa, a kira shi ɗaurin aure ya ce a je kawai. Kuzarin nufar abu ne ya mutu. Wannan fassara kuma tana nuna kuskuren tallar da ke cewa ƙara wa hagu aiki daidai yake da ƙara farin ciki.

Gwajin asibiti ne, ko kayan bincike?

A nan masana suka rabu. Masu goyon baya suna da hujjoji masu nauyi: an maimaita sakamakon a jarirai da manya, awon ba shi da tsada idan aka kwatanta da hoton MRI, ba ya ciwo, kuma wani nazari da ya tattara binciken da aka yi kafin 2006 ya samu alaƙa matsakaiciya tsakanin karkatar da ciwon damuwa.

Masu shakka kuma suna nuni da wani nazarin na 2017, wanda Nikita van der Vinne da abokan aikinta suka yi. Sun haɗa bincike 16, da masu ciwon damuwa sama da 1,800 da masu lafiya sama da 2,000, ba su samu wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin rukunan biyu. Sun kuma lura cewa ƙananan bincike ne ke bayar da babban bambanci, manya kuwa kusan babu. Ita ma maganar shanyewar ɓarin jiki ta gamu da irin wannan: wani nazari a mujallar Lancet a 2000 bai samu hujjar cewa gefen da ciwon ya taɓa shi ke yanke hukunci ba. Akwai kuma batun tsayuwar lambar. Binciken Dirk Hagemann a Jamus a 2002 ya nuna kimanin kashi 60 cikin 100 na abin da ake aunawa ɗabi'ar mutum ce mai ɗorewa, sauran kashi 40 kuwa ya danganta da ranar da aka auna shi da halin da yake ciki. Wato wanda aka auna ranar Litinin ana iya samun wata lamba dabam a jikinsa ranar Alhamis.

Akwai matsayi na uku da ke tsakani. James Coan da John Allen sun ce kuskuren yana wajen auna mutum yana zaune ba ya yin komai, domin ba a san inda tunaninsa ya tafi ba. A ganinsu bambancin ya fi fitowa idan aka sa mutum cikin wani yanayi, kamar a nuna masa abin tsoro ko a sa shi ya yi fuskar baƙin ciki. Wasu kuma sun juya tambayar daga gano ciwo zuwa hasashen magani: wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2016 ya samu cewa karkatar ta yi hasashen waɗanda za su amfana da magungunan damuwa na escitalopram da sertraline, amma a mata kawai. Wannan hanya ce mai ban sha'awa da ke buƙatar ƙarin tabbaci.

Idan aka auna hujjojin, abin da ya tsaya shi ne karkatar alfa tana da amfani wajen nazarin rukunin mutane, amma ba ta kai matsayin gwajin da za a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi ba. Manyan littattafan da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen tantance ciwon damuwa ba su sa EEG cikin sharuɗɗa ba. Da hira da tarihin mai ciwo ake ganewa.

Abubuwan da ke gurɓata awon

Tunda bambancin da ake nema ƙanƙane ne, abu kaɗan ke juya shi. Na farko shi ne wurin kwatance. EEG ba ya auna wuri ɗaya shi kaɗai, yana auna bambancin lantarki ne tsakanin wurare biyu. Wasu ɗakunan bincike suna kwatantawa da tsakiyar kai, wasu da ƙashin bayan kunnuwa, wasu da matsakaicin dukkan faifan. Awo guda na mutum guda zai iya ba da karkata hagu a wannan tsari, ya ba da dama a wancan. Ƙari a kan haka, alfa ta fi ƙarfi a ƙeya, kuma wasu tsare-tsaren kwatance suna sa alfar ƙeya ta bayyana kamar daga goshi ta fito.

Na biyu shi ne haɗuwar faifai da fata. Ana so turjiyar da ke tsakaninsu ta sauka ƙasa da kilo-om 5, kuma ta yi kusan daidai a hagu da dama. Man gashi, basilin da ragowar rini suna hana haɗuwa. Kitso mai kauri yana ɗaga faifan daga fata ko ya tilasta a matsar da shi daga wurinsa, kuma idan F3 ya zauna daidai amma F4 ya goce da santimita ɗaya ko biyu, lambar ta riga ta gurɓata. Shi ya sa ake ce wa mace ta tsefe kai, ta wanke da sabulu, ta bar shi ya bushe ba tare da mai ba. A lokacin hunturu bushewar fata na ƙara turjiya. A zafin bazara kuma gumi na sa layin ya riƙa lilo a hankali, wani lokaci ya haɗa faifai biyu da ke kusa.

Na uku shi ne tsokar fuska da ido. Mai ɗaure fuska ko cije haƙora yana fitar da lantarkin tsoka wanda ya ninka na ƙwaƙwalwa, kuma F7 da F8 suna zaune ne kusa da tsokar tauna. Idan mutum ya fi cije gefe ɗaya, ga karkata ta ƙarya ta samu. Ƙwayar ido ma tana da nata lantarkin, kallon gefe ɗaya yana shiga awon.

Sai wutar gini. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a sakan, na'urar na da matatar da ke cire wannan, amma janareta marar tsayayyen gudu, ko ginin da ba a yi masa wayar ƙasa da kyau ba, ko cajar waya kusa da kan mutum, suna shigo da hayaniyar da matatar ba ta kamawa duka. Abin da mutum ya ci ko ya sha ma yana da tasiri. Goro, shayi mai kauri da kofi suna rage alfa. Diazepam da danginsa suna ƙara beta. Wanda bai yi barci ba zai fara gyangyaɗi a kujera, alfarsa ta watse. Kuma yawancin binciken an yi shi ne a kan masu amfani da hannun dama, don haka fassara sakamakon bahago da wannan ma'auni ganganci ne.

Hanyoyin zaburar da ƙwaƙwalwa

Mutane kan tattara su duka su ce “shokin”, alhali sun sha bamban ƙwarai.

Ta farko ita ce TMS, mai aiki da maganaɗisu. Anthony Barker ya nuna ta a Sheffield ta Ingila a 1985. Ana ɗora wata naɗaɗɗiyar waya mai siffar lamba 8 a kan kai, ta saki bugun maganaɗisu mai ƙarfin kusan tesla 1.5 zuwa 2, wanda ke ratsa ƙashi ya tayar da ƙwayoyin jijiya a zurfin kamar santimita 2. Kafin a fara, likita zai nemo wurin da ke motsa babban yatsa, ya gano mafi ƙarancin ƙarfin da ke sa yatsan ya zabura. Wannan shi ne ma'aunin mutumin, kuma ana yi masa magani a kashi 120 cikin 100 na wannan ƙarfi. Daga nan a matsa gaba zuwa wajen F3. Tsarin da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2008 shi ne bugu 10 a sakan na tsawon sakan 4, a huta sakan 26, a maimaita sau 75. Jimilla bugu 3,000 ke nan cikin minti 37 da rabi, kwana 5 a mako, mako 4 zuwa 6. Akwai kuma tsarin da ake yi a dama da bugu 1 a sakan, da nufin rage aikin wurin. A nan ana ganin tasirin ra'ayin hagu da dama a fili: a zaburar da hagu, ko a lafar da dama.

Sakamakon yana da kyau amma ba mu'ujiza ba ne. A wani gwaji na Amurka da aka wallafa a 2010, inda aka kwatanta da na'urar bogi mai ƙara kawai, kashi 14 cikin 100 suka warke da ta gaske, kashi 5 da ta bogi. A wani gwajin Kanada na 2018 mai mutum sama da 400, wanda ya kwatanta tsohon tsari da sabo mai bugu 600 cikin minti 3, kusan rabi sun samu sauƙi sosai, kusan kashi 30 kuma suka warke, a tsarin biyu. Waɗannan duka mutane ne da magani ya riga ya gaza musu. Illolin da aka saba gani su ne ciwon kai da zafin fata a wurin, ana kuma toshe kunne saboda ƙarar. Babban haɗari shi ne faɗuwa irin ta farfaɗiya. Ba kasafai take faruwa ba, amma rashin barci, tarihin farfaɗiya da wasu ƙwayoyi suna ƙara yiwuwarta. Tramadol na cikin waɗannan ƙwayoyi, kuma ɓoye wa likita shansa a irin wannan hali jefa kai ne cikin haɗari. Mai ƙarfe a cikin kai, kamar ragowar harsashi ko na'urar ji da aka dasa, ba a yi masa sai ƙwararre ya tantance.

Ta biyu ita ce tDCS, mai aiki da ɗan ƙaramin lantarki, kuma ita ce ake tallatawa don amfanin gida. Michael Nitsche da Walter Paulus suka farfaɗo da ita a Jamus a 2000. Soso biyu ne masu faɗin santimita murabba'i 25 zuwa 35, a jiƙa su da ruwan gishiri na asibiti mai kashi 0.9, a sa mai shigar da wuta a F3, ɗayan a F4 ko saman girar dama, a saki miliamfiya 1 zuwa 2 na minti 20 zuwa 30. Wannan wuta ba ta isa ta sa ƙwayar jijiya ta harba saƙo ba, tana ɗan sauƙaƙa mata ne ko ta ɗan wahalar. Kaso mafi yawa ma yana bin fatar kai ya wuce bai shiga ciki ba. Hujjojinta a rarrabe suke. A Burazil a 2017, gwaji mai mutum 245 ya nuna ta fi bogi amma ba ta kamo escitalopram ba. A Jamus a 2023 wani gwaji a asibitoci da dama bai ga ta fi bogi ba. A 2024 kuma gwajin amfanin gida a Ingila da Amurka, mai mutum 174, ya samu amfani, sai dai a can ma'aikata na sa ido ta bidiyo.

Inda ake samun matsala da ita sananne ne. Idan soso ya bushe a tsakiyar zama, ko aka jiƙa shi da ruwan famfo, ko aka ɗora a kan ƙurji ko yankan aski, wutar na taruwa a wuri ɗaya ta ƙona fata. Idan ruwa ya yi yawa ya gangaro, wutar na bin sa ta kauce wa inda ake nufi. Idan aka juya wayoyin, an yi akasin abin da ake so. Na'urar da aka haɗa a gida da batir ba tare da abin daidaita wuta ba tana sakin ƙarfi gwargwadon jiƙar fata, ba wanda ya san nawa ne. Sannan wanda damuwarsa ɓangare ce ta ciwon nan mai hawa da sauka, inda mutum kan yi makonni cikin ƙunci sannan ya koma rawar kai da rashin barci da kashe kuɗi barkatai, zaburarwa na iya tunzura shi zuwa hawan.

Ta uku, ECT, ita ce shokin na ainihi, kuma ba ta da alaƙa da daidaita hagu da dama. An fara ta a Rum a 1938. Ana yin ta ne bayan an sa mutum barci an kuma ba shi maganin sake tsoka, da wutar da ta kai miliamfiya 800, wato ninkin tDCS sau 400, da nufin haddasa gajeriyar faɗuwa a ƙarƙashin kulawa. Duk da mummunan sunan da take da shi, tana cikin mafi ƙarfin magani ga damuwa mai tsanani, irin wadda mutum ya daina ci da sha ko yake neman halaka kansa. Illarta da aka fi sani ita ce mantuwa.

Shin gyaran karkatar ne ke kawo sauƙi?

Da ra'ayin ya cika daidai, da an ga abu biyu: duk wanda ya samu sauƙi da TMS karkatarsa ta koma hagu, kuma wanda karkatarsa ta fi muni shi zai fi amfana. Binciken da ya auna EEG kafin magani da bayansa bai ba da amsa ɗaya ba. Wasu sun ga sauyi, wasu sun ga mutane sun warke lambar tana nan inda take. Haka abin yake ga horon da ake yi wa mutum ya koyi karkatar da alfarsa da kansa yana kallon allo, wanda aka fara gwadawa a shekarun 1990: mutane na iya koyon motsa lambar, amma manyan gwaje-gwajen da za su tabbatar da cewa hakan magani ne sun yi ƙaranci.

Hankalin masu bincike da yawa ya koma wani bayani. A 2012 Michael Fox da abokan aikinsa suka nuna cewa wuraren gaban kai da TMS ta fi yin amfani a kansu su ne masu alaƙa ta musamman da wani yanki mai zurfi da ake kira yanki na 25. Bisa wannan, wurin da ake bugawa ƙofa ce zuwa wata hanyar sadarwa da ke can ciki. Tsarin Jami'ar Stanford da FDA ta amince da shi a 2022, mai zama 10 a rana na kwana 5, da hoton MRI yake zaɓar wurin bugu. Ra'ayin hagu da dama ya taimaka wajen nuna inda za a fara gwadawa, amma amfanin TMS bai dogara da ingancinsa ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai ciwo a Katsina da Daura

Wanda aka ce ya biya kuɗi a zana masa taswirar ƙwaƙwalwa don a gano ko yana da damuwa, zai biya ne don abin da ba zai sauya maganinsa ba. EEG na da muhimmin aiki a inda ake zargin farfaɗiya, ko suma da ba a gane kanta ba, ko ruɗewar da ta zo farat ɗaya, kuma a nan idan likita ya tura a je. Ga damuwa kuwa, abin da ake buƙata shi ne zama da likita ya yi tambayoyi: tun yaushe, yaya barci da cin abinci, akwai tunanin mutuwa, an taɓa yin lokacin rawar kai, me ake sha. Alamun da suka wuce mako 2 suna hana harkokin yau da kullum su ne ma'auni. Likita kan kuma duba ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo, domin suna kwaikwayon damuwa. Ana iya farawa daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibiti mafi kusa, daga nan a tura mutum Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato idan da buƙata.

Matakin farko na magani har yanzu shi ne ƙwayoyi irin su fluoxetine, sertraline ko amitriptyline, tare da zaman tattaunawa da ƙwararre. Suna ɗaukar mako 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Da yawa daga waɗanda ke cewa magani ya gaza musu sun ajiye shi ne a mako na biyu, ko kuɗi ya yanke, ko wani ya ce musu zai zame musu jaraba. TMS an tanade ta ne ga wanda ya sha magani yadda ya kamata bai samu sauƙi ba. Na'urar tana da tsada, ba a samunta a yawancin asibitocinmu, kuma zama 20 zuwa 30 yana nufin barin gida da sana'a na wata guda ko fiye, ga kuɗin mota da masauki.

Idan aka yi wa mutum tayin kowace irin zaburarwa, yana da haƙƙin tambaya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙin mai ciwo na a yi masa bayani a kuma nemi yardarsa. Ya tambayi sunan hanyar, TMS ce ko tDCS. Ya tambaya ko mai yin likita ne mai lasisin MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, ko na'urar na da rajistar NAFDAC, zama nawa za a yi da kuɗin dukansu gaba ɗaya, da abin da aka tanada idan mutum ya faɗi a kan kujera. Wurin da bai tambaye shi tarihin farfaɗiya, ƙarfe a kai, juna biyu da ƙwayoyin da yake sha ba kafin a ɗora masa wani abu a kai, ya tsallake matakin farko na aikin. Kada kuma a dakatar da maganin da ake sha saboda an fara zaburarwa sai da izinin likitan da ya rubuta shi. Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko ya daina ci da sha, a kai shi sashen gaggawa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai kafin a isa.